Fodkas ɗin 'Yan Kwangila: Takardar ficewa da ejensi ke turowa, a sa hannu ko kar a sa?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, Bashir ne daga Mancesta, ga Hadiza ga kuma Yaya Sani da ya daɗe yana kwangilar kwamfuta a Landan. Yau maganar takardar nan ce da ejensi, wato kamfanin da ke sama maka aiki, ke maƙalo maka a jikin kwantiragi, wai ka sa hannu ka fita daga dokokin da ke kula da kamfanonin sama wa mutane aiki a Birtaniya.

Hadiza: Kuma yawanci da gaggawa suke turo ta, ana ce maka ranar Litinin za ka fara, mutum na murnar ya samu aiki ina zai tsaya karatu. Yaya Sani, wai me ake fita daga ciki ne?

Sani: Dokoki ne na 2003, sun fara aiki a Afrilun 2004. Sashe na 32 shi ya ba mai aiki ta kamfaninsa na kansa damar ficewa, kuma sai kamfanin nasa da shi mutumin duk sun yarda. Wanda ke aiki da sunansa kawai ba kamfani, babu ruwansa da wannan. Haka in aikin ya shafi yara 'yan ƙasa da 18 ko masu rauni, ba a ficewa sam.

Bashir: To me mutum zai rasa, Yaya?

Sani: Kuɗinka, Bashir. Ni nan ne abin ke damuna. Sashe na 12 ya ce ejensi ba ta da ikon riƙe maka haƙƙin aikin da ka yi don kawai kamfanin da ka yi wa aikin bai biya ta ba, ko don manaja bai sa hannu a takardar awanninka ba. Za su iya bincika ko ka yi aikin, amma dole su biya. Da ka fice shi kenan, sai a rubuta maka a kwantiragi sai an biya mu za mu biya ka, kamfanin can ya ja wata biyu ko ma ya durƙushe, kai kuma ga haya ga kuɗin makarantar yara ga 'yan uwa a gida suna jiran saƙo, wa za ka kama?

Hadiza: Akwai kuma sashe na 10, shi ma babba ne. In kamfanin ya ji daɗin aikinka yana so ya ɗauke ka kai tsaye, ejensi na iya neman kuɗi daga kamfanin ne kawai cikin sati 8 bayan ka gama, ko sati 14 daga ranar da ka fara, duk wanda ya fi nisa. In ka fice kuwa sai su ɗaure ka wata shida ko shekara.

Bashir: Amma fa ana cewa ficewar tana taimakawa wajen IR35, wato dokar harajin da ke tantance ko ɗan kwangila ma'aikaci ne a zahiri, tana nuna kai ɗan kasuwa ne ba ma'aikaci ba.

Sani: Wannan maganar ta yi tsufa kuma ba ta da ƙarfi. HMRC, hukumar harajin Birtaniya, yadda kake aikin take dubawa, wa ke juya ka, za ka iya turo wani ya yi a madadinka, dole ne su ba ka aiki kai kuma dole ka karɓa. Kuma tun Afrilun 2021 manyan kamfanoni da matsakaita da kake yi wa aikin su ke yanke matsayinka, ɓangaren gwamnati ma tun 2017. Ka bar kariya ta gaske saboda abin da ba zai sauya hukuncin ba?

Hadiza: Ni dai Yaya bari in faɗi ɗaya gefen, doka ta hana su ce sai ka fice za su nema maka aiki, gaskiya ne, amma wa zai hana su ajiye CV ɗinka su kira na gaba? Sabon zuwa yana tsoron haka kuma ban ga laifinsa ba.

Sani: Na yarda, ƙanwata. In dole ta sa, to a yi ciniki, ka ce zan sa hannu amma a rubuta za a biya ni cikin kwana 30 ko an biya ku ko ba a biya ku ba, a kuma rage wa'adin ɗaurin. Sannan lokaci na da muhimmanci, sanarwar ficewar kafin a haɗa ka da kamfanin ko a tura ka ake bayar da ita, wadda aka kawo bayan ka fara aiki ba ta da tasiri a kan wannan aikin.

Bashir: In mutum ya riga ya sa fa?

Sani: Zai iya janyewa a rubuce, sai dai janyewar ba za ta fara aiki ba sai kwangilar da yake ciki ta ƙare. In kuma ejensi ta matsa masa lamba, ya ajiye imel ɗin ya kai ƙara wurin hukumar gwamnati da ke sa ido a kansu.

Hadiza: Masu aiki ta kamfanin ambarela, wato kamfanin da ke ɗaukar ɗan kwangila a matsayin ma'aikacinsa yana biyan shi albashi, mun ga tambayoyinku, su za mu ɗauka mako mai zuwa in sha Allah. Sai an jima.