Aikin sojan ruwa: wane layi za ka zaɓa, kuma ya za ka tsallake kos?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla, a bar makirfon nan haka kar a sake taɓa shi. Iyayenmu da ke gaba ina gaisuwa, samarin Argungu ku matso kusa, don ku anka taru. Abu huɗu zan faɗa in lokaci bai ci mu ba.

Na farko ku cire ma ranku cewa sojan ruwa aiki guda ne. Cikin jirgin yaƙi akwai masu tuƙi da igiya da anga, akwai na sadarwa, akwai na makamai, na ɗakin injin, na lantarki, na asibiti, na sito, akawu, kuku, masu nutso, kai har mataimakin liman ana ɗauka. Kowa Onne yake farawa can jihar Ribas, kamar wata shida ana gasa ku da fareti da gudu da askin ƙwal, daga nan sai a rarraba ku. Injin da lantarki Sapele jihar Delta, aikin saman jirgi Apapa a Legas, lafiya Offa jihar Kwara, makamai Kachia nan Kaduna. Kun ga ba duka ke bakin teku ba.

Na biyu takarda. Abin da anka saba nema kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu, shekara 18 zuwa 22 ga mai sakandare, mai difloma ana ɗaga mishi, tsawo mita 1.69 ga namiji 1.65 ga mace, amma kowa ya karanta tallar shekararshi da idonshi. Mai son atifisa, wato manyan makanikan jirgi, sai da fiziks da kemistiri. Kuma don Allah kar ka miƙa ma yaron kafe mai cike fom ta intanet takardunka ka tafi shan shayi ya zaɓa maka layi, wallahi akwai waɗanda sai a Onne sunka san abin da anka cike musu. Tambayi kanka, ni mai kwance rediyon gida ne in ga me ke ciki? Ina jure zafi da ƙara? Jini na tada min hankali? In na aje kaki me zan ci da shi? Farin kayan nan da ke burge ku a hoto, mutumin ɗakin injin sai ranar fareti yake ganinsu, kullum cikin obarol yake da baƙin mai har gwiwar hannu. Amma fa irinsu ne, masu walda da haɗa injin, sunka ƙera jiragen sintiri a ma'aikatar jiragen rundunar da ke Legas, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021.

To ga inda nake so mu daɗe, bin bututu. Ku saurara da kyau, ga mai layin injin wanga shi ne kos ɗin gaba ɗaya. Injin jirgi yawanci dizal ne, ba shi da fulogi, iska ake matsewa har ta yi zafi sannan nozul ya fesa mai ya kama da kanshi, to wanga zafi dole a kwashe shi in ba haka ba injin ya ƙone. Za ku ce ai ga teku nan a zuba mishi. A'a. Ruwan gishiri in ya shiga cikin injin cin ƙarfe yake yana barin ɓawo, shi ya sa ruwa biyu ne, ruwan daɗi na zagaya cikin injin, ruwan teku kuma na sanyaya ruwan daɗin cikin wata tukunya mai ƙananan bututai, suna wuce juna amma ba su gauraya. Ruwan tekun ta ƙasan jirgi yake shigowa, ya bi bawul, ya bi matata, famfo ya ja shi, ya ratsa tukunyar sanyayawa, ya fita ta gefen jirgi. Na faɗe shi cikin numfashi guda ko? Kowa na iya haddace shi daren jarabawa, mu kuma Allah ya ba mu hadda tun makarantar allo. Amma malamin ba hadda yake nema ba. Zai kai ka gaban injin ya ce geji, wato agogon auna zafi, na hawa, zafi na ƙaruwa, nuna min inda za ka fara. Nan za ka ga ƙato yana zufa yana kallon silin.

Wanda ke tsallakewa shi ne wanda ya ɗauki tocila da littafi da fensir ya durƙusa, ya ɗora hannu kan bututu ya bi shi, ya shiga ƙarƙashin farantin ƙarfen da ake takawa ya fito, duk bawul da ya gamu da shi ya zana, ya rubuta a buɗe yake ko a rufe. Ya bi shi, ya bi shi, har inda ruwan ya fita. Gobe ya rufe littafin ya zana da ka, inda ya ɓace ya koma ya sake bi. Sai ya yi ma bututun mai haka, na iska haka, na kashe gobara haka. Wanga yaro in an ce zafi na hawa ba ya ruɗewa, ya san a ruwan Legas leda da ciyawa ke toshe matata, can zai fara. Ku da ke tada injin ban ruwa a fadamar shinkafa kun san in bakin tiyo ya toshe ko ya sha iska injin na ta ƙugi ba ruwa, to ilimin guda ne, bututan ne sunka yi yawa. Wancan mai dariya, da alama injinshi ya sha yi mishi haka.

Bin bututu. Na sake faɗa, bin bututu. Na lantarki ku ma waya za ku bi a zane har ku gane ta a bango, kuma ba a sa hannu sai an kashe, an rataya alama, an gwada da mita.

Na uku, ko na huɗu muke? Ku dai riƙe. Gadi a jirgi awa huɗu ne, ana rubuta zafi da ƙarfin mai lokaci lokaci, kar ka kwafi lambar na gabanka, je ka duba gejin. Lissafi ku fara tun yanzu, kashi da ɗigo da juya fomula, a nan yawancin yaranmu ke tuntuɓe. Turanci kar kunya ta hana ka ɗaga hannu, a yi maka dariya yau ya fi a sake maka jarabawa. Kar ku ware ku 'yan Arewa zalla a lungu, nemi wanda ya fi ka ko daga ina yake ku yi karatu tare. Waya da dare a aje ta, barcin kaɗan ne.

Na'am Baba, a miƙa mishi makirfo.

Baba ya ce wani ya zo mishi wai yana da hanya, a kawo kuɗi a sa sunan ɗanshi. Baba, Allah ya ƙara girma, kar ku sayar da buhu ko ɗaya. Fom ɗin kyauta ne ta intanet, rundunar da kanta take shelar haka duk lokacin ɗauka, kuma ko wa ya tsaya ma yaro sai ya zauna jarabawa, likita ya duba shi, an auna tsawonshi. Kuɗin nan ku riƙe su, in fiziks ne babu ku biya mishi ya sake zama, saura ku aje na mota ranar tantancewa. Kuma ku duba ranar haihuwa da sunan da ke kan NIN ɗinshi su zo daidai da na sakamakon jarabawa, harafi guda na iya maido yaro gida. Yaron yana nan? Tashi mu gan ka. To tsawo kam akwai, bayan la'asar ka same ni da takardunka mu duba.