Amsoshin Tambayoyinku: Wankin Ƙoda

Masu sauraronmu, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka zo mana a wannan mako daga Zariya da kewaye kusan duk a kan wankin ƙoda suke, saboda haka a kansa za mu tsaya.

Wani malami daga Tudun Wada ya rubuto cewa likita ya ce sai an yi wa mahaifinsa wankin ƙoda, amma dangi sun ƙi, domin a cewarsu wanda aka ɗora a kan na'urar nan ba ya tashi.

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Sunan wankin ƙoda kansa yana ruɗar mutane, domin ba ƙodar ake wankewa ba, jini ake tacewa. Na'urar tana jan jinin majiyyaci ta bututu, ta cire datti da ruwan da ya yi yawa, sannan ta mayar masa, wato aikin da lafiyayyar ƙoda take yi dare da rana. Ba sabon abu ba ne, tun 1943 wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya ƙera ta farko. Abin da ya jawo mata baƙin jini a wurinmu shi ne ba a kai mara lafiya asibiti sai an gama zagayen masu magani, jiki ya kumbura, numfashi yana sarƙewa. Idan rai ya yi halinsa kuma, sai a ɗora wa na'ura laifi.

Ku tambayi likita wace irin gazawar ƙoda ce, domin iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, wadda amai da gudawa mai tsanani ko zubar jini wajen haihuwa kan jawo, kuma sau da yawa ƙodar kan farfaɗo bayan kwanaki ko makonni, a daina wankin. Akwai kuma wadda hawan jini ko ciwon suga suka yi shekaru suna ci a hankali. Wannan ba ta dawowa, sai dai a ci gaba da wanki ko a yi dashen ƙoda.

Wata baiwar Allah daga Samaru ta ce mijinta yana zuwa wanki a asibitin koyarwa na Shika, amma kuɗi sun yi ƙasa, shin sau ɗaya a mako zai wadatar?

Hajiya, ba wanda zai ga laifinku, domin wannan jinya tana cinye gida. Sai dai ƙa'idar ita ce sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, kuma idan tazarar ta yi yawa ruwa kan taru a huhu, sinadarin fotasiyam da ake samu a abinci kuma ya hauhawa a jini har ya iya tsayar da zuciya. Ki faɗa wa likita halin da kuke ciki ba tare da kunya ba, domin ya tsara muku abin da zai yiwu. Sauran aikin a madafinki yake: a rage gishiri da dunƙule da kanwa, a yi hattara da ayaba, dabino, lemu da tumatir saboda fotasiyam ɗin da ke cikinsu, a auna abin sha, har da koko da fura, waɗanda mutane kan manta cewa su ma ruwa ne. Kada maigidanki ya sha maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ko jiƙe-jiƙe, sai da izinin likita. Idan an haɗa masa jijiya a hannu domin wankin, kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a wannan hannun.

Ɗalibin da ya rubuto daga Kongo yana son ba wa yayarsa ƙoda, yana tambaya ko mutum na rayuwa da guda ɗaya. Ƙwarai kuwa, muddin gwaje-gwaje sun nuna kana da lafiya kuma jininku ya dace. A Amurka aka fara cin nasarar dashe a 1954, tsakanin wasu tagwaye, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana yinsa. Ku dai yi lissafi tun yanzu, domin bayan dashen yayarka za ta riƙa shan maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar kowace rana, muddin tana tare da ita.