Amsoshin Tambayoyinku: Injin Motar Rimot Marar Kabon da Na'urar da ke Juya Shi

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Birnin Kebbi. Wasiƙun wannan mako na masu motar rimot ne, irin wadda ake tsere da ita. Injiniya, sannu da zuwa.

Injiniya: Yauwa Malam, sannunmu da aiki.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Argungu take. Mai sauraronmu ya ce ya sayi mota ta hannu, mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, injinta mai kabon ne, wato gawayin da ke raba wuta a cikin inji, yana so ya koma marar kabon. Mai sayarwa a intanet ya ce masa ya ɗauki mai KV 5900 don ya fi gudu. Ya saya?

Injiniya: A'a, kada ya saya tukuna. Ita KV ba ƙarfin inji take nunawa ba, tana gaya maka sau nawa zai juya a minti ɗaya a kan kowane bolt ɗaya, ba tare da an ɗora masa kaya ba. Batirin LiPo, irin wanda ake sa wa motocin nan, mai sel biyu bolt 7.4 ne. Inji mai KV 5900 zai juya sau 43,660 ke nan a minti, mai KV 3300 kuma sau 24,420. A takarda na farkon ya fi, amma a ƙasa mai yashi irin tamu zai yi ta zuƙar wuta yana mai da ita zafi, kafin minti kaɗan sai ka ji ƙauri.

Abin da ya dace da motarsa shi ne inji mai lamba 3650, wato kauri milimita 36, tsawo milimita 50, KV tsakanin 3000 da 3500 idan batirinsa sel biyu ne. Wannan yana zama daidai a mazaunin tsohon injin 540, kuma sandarsa milimita 3.175 ce, don haka ƙaramar giyar tsohon injin za ta shiga. Idan motar mai nauyi ce, mai manyan tayoyi, ya ɗauki 3660, amma ya duba sandar tukuna, wasu milimita 5 ce. Masu mota 1/8 su ne ke hawa 4068 ko 4074 mai KV wajen 2000, da batir mai sel huɗu.

Kuma ina roƙonsa ya riƙe maganar zafi da kyau. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, injin bai fara aiki ba ma ya riga ya ɗumama. Shi kuwa maganaɗisun da ke cikinsa idan ya wuce digiri 80 yana fara rasa ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa. Ya yi gudu da motar na minti biyar ya tsaya ya auna zafin injin. In babu ma'aunin zafi, ya ɗora yatsa a jikin injin: in ya kasa barinsa daƙiƙa uku, zafin ya yi yawa. Maganinsa ya rage haƙora biyu a ƙaramar giya, daga 20 zuwa 18 misali, ya sake gwadawa. Wajen ɗaure giyar ya saka siririyar takarda tsakanin haƙoran biyu, ya matse, ya ɗaure, ya zare takardar. In ta matse da yawa zafi za ta kawo, in ta yi sako-sako za ta cinye haƙoran babbar giya.

Mai gabatarwa: To madalla. Wannan kuma daga Jega. Ya ce ya sa wa motarsa batir mai sel uku, sai ESC ɗinsa ya yi hayaƙi ya mutu. Injiniya, mene ne ma ESC ɗin?

Injiniya: Malam, ita ce na'urar da ke zaune tsakanin batir da inji. Tun da babu kabon da zai riƙa raba wuta, ita ce ke aika wutar cikin wayoyi uku na injin bi da bi, ita ke riƙe totur da birki da ribas. Akwai lambobi biyu a jikinta. Ta farko yawan sel ɗin da take ɗauka, 2S ko 3S, wato sel biyu ko uku. Wadda aka rubuta 2S kaɗai aka ba ta bolt 11.1 na sel uku, ƙonewa za ta yi. Ta biyu amfiya, kuma nan ne ake ruɗa mutane, don sukan rubuta 60 da wata babbar lamba a gefe. Babbar ta 'yan daƙiƙu ce kawai, ƙaramar ita ce ta aiki. Ga 3650 a kan sel biyu, amfiya 60 ta isa. Mai son sel uku ko mai mota mai nauyi ya nemi 120, mai 1/8 kuma 150. In ka sayi wadda ta fi buƙatarka ba ka yi asara ba, ba za ta yi zafi da wuri ba. Shi ya sa ga mai farawa na fi son ya sayi inji da ESC a haɗe, irin na Hobbywing ko Castle Creations, don kamfanin ya riga ya daidaita su.

Ya duba fuloginsa ma. Jar waya ta haɗu da ja, baƙa da baƙa. Juya su sau ɗaya tak ya isa ya kashe ESC nan take. Ya sa fulogi irin XT60, ya liƙe da dalma sosai, kada ya murɗe waya ya naɗe da salatif. Sannan ya kunna tsarin da ke yanke wuta idan kowane sel ya sauko wajen bolt 3.2, don LiPo da aka tsotse ƙarƙaf kumbura yake, kuma kumburarren batir yana iya kama wuta. Kada a bar batir yana caji a ɗaki babu kowa, musamman inda yara suke.

Mai gabatarwa: Wata 'yar'uwa daga Yauri ta ce motar ɗanta tana karkarwa kafin ta tashi, kuma in ya danna gaba sai ta yi baya.

Injiniya: Hajiya ta duba ko akwai wata siririyar waya mai layi shida daga inji zuwa ESC. Wannan ce ta sensa, mai gaya wa ESC inda maganaɗisun injin yake. In babu ita, 'yar karkarwar nan ɗabi'ar injin ce, don ESC ba ta san inda maganaɗisu ya tsaya ba sai ya fara juyawa. Komawa baya kuwa, a musanya kowane biyu daga cikin wayoyi ukun, shi ke nan. Amma in akwai sensa kada a musanya, a bi haruffan da ke jikin inji da ESC, A ta tafi A, B ta tafi B, C ta tafi C, a gyara daga saitin ESC. Bayan haka a koya wa ESC rimot ɗin: tsakiya, cikakken totur, cikakken birki. In karkarwar ta yi tsanani a duba dalmar wayoyin da boris ɗin inji, ƙurar hunturu tana cinye shi. A hure da iska bayan kowane wasa, a ɗiga mai kaɗan.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Zuru, ko ESC na jirgin sama na rimot zai yi a mota?

Injiniya: Ba zai yi ba. Yawancinsu ba su da ribas da birki irin na mota, kuma iskar farfela ke sanyaya su. A cikin mota zai gasu. Ya nemi na mota mai fanka a kansa.

Mai gabatarwa: Mun gode Injiniya. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.