Kogin Landan mai janyewa sau biyu a rana

Jama'a assalamu alaikum, don Allah ku dubi bayana. Kogin Thames ke nan a Greenwich. Da safe na wuce ruwa ya cika har bakin katangar can, yanzu kuwa sai laka da duwatsu, kwale-kwale suna zaune a ƙasa. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe! Mu a Kogin Kaduna sai rani ya yi nisa ruwa ke ja da baya, amma wannan sau biyu kullum yake tafiya ya dawo, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa yakan kai mita 7. Teku ce ke turo shi, har Teddington can yamma da gari.

Kun ga launinsa ja-ja-ja? Ni dai ba zan sa ƙafa ba, amma yawancin abin da kuke gani laka ce. Inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri, gishirin yana sa ƙwayoyin yumɓu su manne wa juna su kwanta. Kafin su zauna daram, ruwa ya dawo da ƙarfi ya sake tayar da su. To wannan lakar ba ta mantuwa: dalma da sauran gubar da masana'antu suka zuba shekaru aru-aru suna nan kwance a cikinta. Shi ya sa masana ke huda ta da bututu su ciro, su auna hawa-hawa.

Kuma fa kada Turawan nan su yi mana iyayi da tsabta. A 1858 warin kogin nan sai da ya hana 'yan majalisa sakat, dole aka sa injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙazanta. A 1957 ma aka ce kogin ya mutu. Ƙwayoyin cuta masu cin ƙazanta sun shanye iskar oksijin, kifi ya rasa abin shaƙa. Yanzu ana maganar nau'in kifi sama da 100, har da kifin shak a wajen bakin teku. Akwai ma jirgi da aikinsa kawai hura wa kogi oksijin in ta yi ƙasa. Kogi da nasa likitan, ikon Allah!

Amma duk kifin nasu, ni tarwaɗar gida nake so, gasasshiya da yaji da albasa. Jiya na sayi ɗan guntun kifi da dankali fam 14, ko gishirin kirki babu.

Ina muka tsaya? Yauwa, ruwan sama. A da, in aka yi mamako, tsoffin magudanan kan cika su amayar da ƙazanta cikin kogi. Saboda haka suka haƙa rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashinsa don ya tare ƙazantar, ya ci sama da fam biliyan 4, kuma mu masu biyan kuɗin ruwa ne ke jin jiki.

In ka zo Landan, ɗan'uwa, kada ka sauka kan lakar nan don ɗaukar hoto. Tana riƙe ƙafa, ruwan kuma ba ya sallama in zai dawo. Akwai ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, don haka kada ka taɓa da rauni a hannu. Ko tonon tsoffin kuɗi a bakin kogin sai da takardar izini. Bari in hau sama, ga shi can ya fara tahowa.