Abin da ɓerayen Manchesta suka nuna game da rana da kansar fata

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi melanoma, wato kansar fata mafi kisa, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta.

Tun 2002 masana suka gano cewa kusan rabin melanoma na ɗauke da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna BRAF. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a jerin DNA, wato rubutun gado mai haruffa A, C, G da T, sauyin da ake kira V600E, amma ya isa ya sa ƙwayar halitta ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Sai dai mafi yawan tawadar Allah da ke jikin masu ƙoshin lafiya ma na ɗauke da wannan tangarɗa, kuma ba ta rikiɗa ta zama kansa. Ƙwayoyin kan ɗan yaɗu, sannan su tsaya cak, domin jiki na da birkinsa. To, me ke tsinke birkin?

Wannan tambaya ce ayarin Farfesa Richard Marais na Manchesta, a Ingila, ya bi diddiginta, ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2014. Sun aske bayan ɓeraye 'yan wata 2 da aka dasa wa BRAF mai tangarɗar a kashe, suka shafa musu maganin tamoxifen, wanda ke kunna BRAF mai tangarɗar a ƙwayoyin launi kaɗai. Wasu an bar su haka: kimanin kashi 70 cikin 100 suka kamu da melanoma, amma sai bayan kusan shekara guda. Wasu kuwa an riƙa haska musu hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mara ganuwa da ke ƙona fata, mako-mako, gwargwadon abin da kan sa fatar mutum ta ɗan yi ja. Waɗannan duk sun kamu, rabinsu cikin wata 5 da 'yan kwanaki.

Da aka duba DNA na ƙarin da ya fito musu, sai ga sawun hasken ƙarara. UV kan manne haruffa biyu maƙwabta wuri guda, idan gyara ya kuskure sai C ta koma T. A kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarin, ɓarnar ta faɗa kan Trp53, ƙwayar gadon da ke dakatar da ƙwayar halittar da ta lalace, ko ta sa ta mutu. A lura, shi sauyin BRAF daga T ne zuwa A, ba irin sawun da rana ta saba bari ba. Tangarɗa biyu ne daga tushe daban-daban, haɗuwarsu ce masifar.

Ɓera dai ba mutum ba ne. Ƙwayoyin launinsa, in ya girma, galibi suna can gindin gashi, namu kuwa suna shimfiɗar fata ta sama. A kwanakin farko na haihuwa ne fatarsa ta fi kama da tamu, kuma a nan wani gwaji na 2001 a Amurka, a kan ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado, ya nuna cewa ƙuna ɗaya ga jaririn ɓera ɗan kwana 3 da rabi ta jawo melanoma daga baya, alhali irin hasken bai yi wa ɗan mako 6 haka ba. Abin ya dace da abin da likitoci suka daɗe suna faɗa kan ƙunar rana a yarinta.

Inda ya fi damunmu shi ne batun man kariya daga rana. Ɓerayen Manchesta da aka shafa wa man kariya mai lambar SPF 50, wato ma'aunin ƙarfinsa, sun jinkirta kamuwa zuwa kimanin wata 7 da rabi, ƙarin da ya fito musu ma bai kai na sauran yawa ba, amma sun kamu. Man yana aiki, kada kowa ya yar da shi, sai dai bai isa shi kaɗai ba. Ita lambar da ke jikin kwalba ana auna ta ne da miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata, kuma mutane kan shafa ƙasa da haka. A shafa wadatacce, a maimaita bayan awa 2 ko bayan gumi da iyo, a haɗa da sutura da inuwa lokacin da rana ta take. Tawadar Allah da ta sauya girma ko launi, ko ta fara zubar da jini, a kai wa likita ya duba ba tare da jinkiri ba.