Masallacin Muhammad Ali, amma wane Muhammad Alin?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da wannan hakin da kuke ji, tudu na hawo. Yau muna Alƙahira, cikin Ƙal'ar Salahuddin, ganuwar da aka fara ginawa tun shekarar 1176. Bari in juya kamara ku gani da kanku. Kun ga waɗancan hasumiyoyi biyu sirara kamar fensir, da ƙubbobin da suka hau kan juna? To wannan shi ne Masallacin Muhammad Ali.

Abin da ya dawo da ni nan shi ne wata magana da ɗan yayana ya yi mini. Makon jiya na tura masa hoton wurin nan, na rubuta sunan masallacin a ƙasa. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga kiransa. "Kawu, ashe ɗan damben nan har masallaci ya gina a Masar? Allah Ya jiƙansa." Na ce amin, domin addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Amma na yi dariya har sai da abokin ɗakina ya leƙo. Daga baya da na zauna sai na ga yaron bai yi wauta ba. Kai ma rubuta sunan a Google ka ga fuskar da za ta fara fito maka.

Mu shiga. Bari in tuɓe takalmi.

Kun ga nan hannun dama, bayan wannan ragar tagulla? Kabarin mai masallacin ke nan. Muhammad Ali Basha. Shi kansa ba Bamisire ba ne, a garin Kavala aka haife shi, wanda yanzu yake cikin ƙasar Girka. Soja ne na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa nake nufi, ka ga ko dauloli ma suna da takwarori. Ya zo Masar a 1801 cikin rundunar da aka turo don a kori Faransawa, aka kore su, shi kuwa ya ƙi komawa. Kafin 1805 ta ƙare mulkin ƙasar yana hannunsa, kuma ya riƙe shi fiye da shekara arba'in. Ya kafa soja irin na zamani, ya kafa maɗaba'a a Bulaƙ, ya tura ɗalibai karatu Faransa, ya mayar da auduga abin da ƙasar ke taƙama da shi, ya kai yaƙi Sudan a 1820. Zuriyarsa ta yi ta sarauta har zuwa kan Sarki Faruƙ da sojoji suka tumɓuke a 1952. In kana da takardar fam 20 ta Masar a aljihu, duba ta, masallacin nan ne a jiki.

Ba zan yi masa kwalliya ba don ina tsaye kusa da kabarinsa. A cikin ganuwar nan, a 1811, ya gayyaci manyan Mamalik, wato mayaƙan da suka daɗe suna juya Masar kafin zuwansa, biki, suka zo da dawakansu da adonsu, da suka shiga wani matsattsen lungu aka rufe ƙofa gaba da baya aka buɗe masu wuta. Ɗaruruwa suka mutu a ranar. Mutumin da ya yi wannan shi ne ya sa aka fara wannan ginin a 1830, ya lulluɓe bangonsa da farin dutse mai santsi. Ku saurari yadda muryata take dawowa daga sama. Ku ga fitilun nan da aka rataye zobe-zobe.

To duk wannan, da dutse da soja da jikoki a kan karaga, wani yaro baƙar fata daga Louisville ta jihar Kentucky ya zo ya ɗauke sunan ya tafi da shi duniya.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki game da ɗan damben, sunaye biyu ya yi a rayuwarsa, kowanne da mai shi tun kafin a haife shi. An raɗa masa Cassius Marcellus Clay a 1942, sunan mahaifinsa. Asalin mai sunan kuwa wani Bature ne ɗan siyasar Kentucky da ya rayu daga 1810 zuwa 1903, ɗan gidan masu bayi wanda ya juya ya yaƙi bauta, ya buɗe jarida don haka, aka sha kai masa hari, har Shugaban Amurka Lincoln ya tura shi jakada Rasha. Kenan takwaransa na farko ba mutumin banza ba ne. Duk da haka, da yaron ya ci zinare a gasar Olympics ta Rum a 1960, ya kuma ƙwace kambun duniya daga hannun Sonny Liston a 1964 yana ɗan shekara 22, sai ya ce shi ya gama da wannan sunan, sunan bauta ne, ba shi ya zaɓa ba. Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, ya ba shi Muhammad Ali. A shekarar ma ya zo Ghana da Najeriya da nan Masar.

Sunan da Basha ya samu kyauta yana jariri, shi wancan sai da ya yi dambe a kai, dambe na zahiri. Jaridun Amurka sun yi shekaru suna kiransa Clay da gangan. A 1967 abokin karawarsa Ernie Terrell ya nace da kiransa tsohon sunan, Ali ya ja shi turmi 15 yana jibgarsa, yana naushi yana tambayarsa, "Mene ne sunana?" A shekarar ce ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Vietnam, aka ƙwace kambunsa, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe. Kotun Ƙolin Amurka ta wanke shi a 1971, amma ka duba takardar shari'ar, Clay aka rubuta. Shi ya sa ni dai, in aka ce ya danne sauran masu sunan, ba na jin an yi rashin adalci. Ya biya.

Af, tunda ana maganar suna: George Foreman, wanda Ali ya kayar a turmi na 8 a Kinshasa a 1974, 'ya'yansa maza biyar ne, kuma dukkansu George ya sa masu. Ka yi tunanin uwa tana kira daga ɗaki.

Akwai na uku da ba za a tsallake ba. Wani ɗalibi ɗan Pakistan da muke zama aji ɗaya, na taɓa ce masa Muhammad Ali, sai ya ce "Jinnah?" kai tsaye, bai ko yi tunani ba. Shi a wajensa sunan na lauya ne, wanda ya yi karatun shari'a a Landan, ya jagoranci kafa Pakistan a 1947, ya rasu shekara guda bayan haka, fuskarsa kuma tana kan kuɗin ƙasarsu. Soja, ɗan dambe, lauya. In ka ƙara da Muhammad Ali Pate, likitan da ya zama ministan lafiya na Najeriya a 2023, sun zama huɗu, kuma ban ƙure ba.

Mu fita farfajiya, akwai abin da nake so ku gani. Wancan a tsakiya wurin alwala ne. Shi kuma wannan hasumiyar tagullar mai agogo, kyauta ce daga Sarkin Faransa Louis Philippe, tukuicin dogon dutsen nan na Fir'auna da Basha ya ba su daga Luxor, wanda yake tsaye a tsakiyar Paris har yau. Misirawa sun daɗe suna yi wa agogon ba'a saboda shekaru masu yawa da ya yi a tsaye. A bayar da dutse mai shekara dubu uku a karɓo agogon da ba ya tafiya, wannan ciniki ne da ko yaro ba zai yi ba.

Bari in zauna a inuwar nan in ba ku labarin da na fi so a cikin duka, domin shi ne ya nuna mini cewa waye mai suna ba a gama saninsa sai zamani ya juya.

A 1899 akwai Winston Churchill biyu, dukkansu matasa, dukkansu marubuta. Ɗaya Ba'amurke ne, haifaffen St. Louis a 1871, mai rubuta ƙagaggun labarai da ake saye kamar me. Ɗayan Bature ne ɗan Ingila, wanda Ba'amurken ya girme shi da shekara uku, ƙaramin hafsa da ya dawo daga yaƙin Omdurman a Sudan yana ƙoƙarin sayar da rubutunsa. Masu karatu suka fara rikita su. Ka san wanda ya janye? Ɗan Ingilan. Shi ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa takwaransa wasiƙa cikin ladabi da barkwanci, ya ce daga yau zai riƙa sa Spencer a tsakiyar sunansa don kada a haɗa su. Ba'amurken ya amsa da godiya. Suka haɗu a Boston a 1900 suka ci abinci tare. Yau fa? Wanda ya janye ya zama firaminista, ya jagoranci Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1953, fuskarsa tana kan fam 5. Wanda aka janye masa ya rasu a 1947, kuma in ka tsinci littafinsa a kasuwar tsoffin littattafai za ka rantse na firaministan ne. Rana dai ba ta ƙarya.

Wani lokaci kuma ba girman aiki ne ke raba gardama ba, sana'ar ce kawai ta fi amo. Michael Jordan na ƙwallon kwando kowa ya san shi, kofin NBA shida da Chicago Bulls tsakanin 1991 da 1998. Akwai Michael B. Jordan ɗan fim, wanda aka haifa a 1987, mutane suna zaton sunan ɗan ƙwallon ya ci, alhali sunan mahaifinsa ne, B ɗin kuma Bakari ce. Sannan akwai wanda ba a ji, Michael I. Jordan, farfesa a Jami'ar California da ke Berkeley, masanin ƙididdiga da koyar da na'ura. A 2016 mujallar Science ta ruwaito wani auni da ya sa shi a kan gaba wajen tasiri cikin masana kwamfuta. Da yawa daga manyan da ke harkar ƙirƙirarriyar basira yau ta hannunsa suka biyo. Amma ba wanda yake sayen takalmi da sunansa. Harafi guda ne a tsakiya yake kare masa rayuwarsa ta ilimi.

'Yan fim sun ga wannan matsala tun tuni suka yi mata doka: ƙungiyoyinsu a Amurka da Ingila ba sa yarda mambobi biyu su yi aiki da suna ɗaya. Shi ya sa Michael Keaton, wanda asalin sunansa Michael Douglas, dole ya nemi wani, tunda an riga shi. Masu bincike na jami'a kuwa lamba suka koma. Tun 2012 ake ba kowa ORCID, lamba mai gurbi 16 da take binka duk inda ka wallafa aiki. Ni ma na yi tawa bara, bayan da na sha karɓar imel ana gayyatata in duba maƙala kan ciwon ƙoda, ni da ko allura ban iya riƙewa ba. Wani likita ne mai sunana, can wata ƙasa. Har yau ban san gayyata nawa ya rasa ta dalilina ba.

Na kusa mantawa da wanda zai fi ba ku dariya. Ibrahim Babangida. Janar ɗin ya sauka daga mulkin Najeriya a ƙarshen Agustan 1993. A daidai waɗannan makonnin akwai wani Ibrahim Babangidan a Japan, ƙanin Tijjani Babangida, yana buga wa Najeriya gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 tare da su Kanu. Farkon Satumba suka doke Ghana a wasan ƙarshe. Cikin kwana goma, Ibrahim Babangida ya ajiye mulki, Ibrahim Babangida kuma ya ɗaga kofi. Allah Ya jiƙan ɗan ƙwallon, ya rasu a hatsarin mota a 2024.

Ku zo bakin katanga. Kun ga Alƙahira shimfiɗe? Waɗancan manyan gine-gine biyu a ƙasa, Masallacin Sultan Hasan ne da na Rifa'i, a na Rifa'in aka binne Faruƙ. Ranar da ƙura ta lafa ana hango dalar Giza daga nan, yau dai ba mu yi sa'a ba.

Ɗazu kafin in kunna kamara wasu 'yan makaranta sun zo da malamarsu, sun cika farfajiyar da hayaniya. Na tare yara uku na gwada su da Larabcina mai gurɓi-gurɓi. Na ce wane ne Muhammad Ali? Biyu suka nuna ƙofar masallaci, suna kallona kamar na tambayi ina rana take. Na ce to ɗan damben fa? Ɗaya ya ce, "A'a, wannan ai Kilay ne." Larabawa haka suke ce masa, Muhammad Ali Kilay, sun haɗa masa sunan da ya zaɓa da wanda ya yi dambe don ya yar, saboda nasu na nan kwance a hannun dama. Sai na ce to Salahuddin mai ganuwar nan fa? Na ukun, wani ɗan ƙarami mai jar riga, ya ce shi Salah ɗaya ya sani, kuma lamba 11 yake sawa. Malamar ta riƙe kai.

Batirina ya yi ja, ga shi takalmina na can ƙofar da na baro. Sai mun haɗu, wassalam.