Mama ta tafi, coci ya cika maƙil

Salama jama'a, barkanku da war haka. Yanzu na fito daga jana'iza, shi ya sa kuka gan ni cikin baƙaƙen kaya. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, haka Ayilan take. Maƙwabciyata ce ta rasu, tsohuwar da nake kira Mama, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba. Ta haura shekara 80, gidanta ɗan ƙarami, rigar sanyi ɗaya na san ta da ita. Na ɗauka 'ya'ya da jikoki ne da mu maƙwabta za mu zauna a 'yan bencina na gaba. Ina isa na tarar ba masaka tsinke, mutane tsaye har waje cikin yayyafi.

Sai da Fada, wato limamin cocin, ya fara magana na gane. Ashe fiye da shekara 40 Mama tana cikin ƙungiyar St Vincent de Paul. Ga waɗanda ba su san ta ba, musamman 'yan'uwa Musulmi da ke kallo, wasu ɗalibai ne suka kafa ta a Faris ta Faransa a 1833, jagoransu Frédéric Ozanam yana ɗan shekara 20, ta iso ƙasar nan a 1844. Bibbiyu suke tafiya, su shiga gidan mabuƙaci su zauna su saurare shi. Wani takardar sayen abinci za a ba shi, wani kuɗin wuta, wani man ɗumama gida ko littattafan yara. Ba sa tambayar addininka, kuma abin da suka gani a gidanka ba ya fita.

Wannan rufin asirin ne ya taɓa ni. Babbar 'yarta ta ce tun suna yara, duk daren Talata uwarsu za ta ɗauki jaka ta fita, ba ta taɓa faɗa musu ƙofar da ta ƙwanƙwasa ba. Jiya wajen zaman makoki na ga wani ƙaton mutum da kayan aikin gini a jikinsa, ya riƙe hannun 'yar da hannu biyu, bakinsa na rawa, ya kasa cewa komai. Ba wanda ya san shi a dangin, ba kuma wanda ya tambaye shi.

A nan sukan kawo kayan mamaci gaban bagadi kafin a fara Mass, wato babbar addu'ar cocin Katolika. Jikoki suka kawo carbinta, ƙwayoyin sun yi sumul saboda ja, da allurar saƙa, da wani tsohon hoto tana budurwa a gaban keken rubutu. Hoton nan ya ɓata min rai. Aikin gwamnati take yi, tana yin aure aka sallame ta, domin a lokacin doka ce, sai a 1973 aka soke ta. Ku duba fa, mace mai kai irin wannan! Ta koma gida ta reni yara 6, daga baya ta shiga aikin kanti har ƙarfinta ya ƙare, kuma ko ranar aiki ba ta fashin Mass ɗin safe.

Farkon haɗuwarmu da na ce mata daga arewacin Najeriya nake, sai ta ce, "Kano!" Na yi tsaye. Ta san Sistocin St Louis, wato matan da suka ba da ransu ga hidimar coci, sun tashi daga garin Monaghan na ƙasar nan zuwa Kano a 1948, domin tun tana yarinya take jefa kwabbanta a akwatin mishan. Na ji kaina ya yi girma ranar. Na ce mata makarantar da suka buɗe tana nan, ta yaye mata masu ilimi Kirista da Musulmi, kuma yanzu Fadoji daga Najeriya ne ke taya su riƙe wasu coci-cocin ƙasar nan. Ta yi ta dariya don murna. Abu ɗaya dai na rasa yau: waƙa. A nan a hankali suke rerawa. Da Zumuntar Mata ce ta raka Mama, da sai ginin ya amsa. Kewar gida ta kama ni a wurin nan sosai.

Kai da ke shirin zuwa, ka ji ni da kyau. In maƙwabcinka ya rasu kada ka zauna jiran gayyata, ba wanda zai aiko. Ka duba RIP.ie, shafin intanet na sanarwar rasuwa, don a nan cikin kwana 3 an gama komai, ba kamar Ingila da ake ɗaukar makonni ba. In sanarwa ta ce furanni na iyali ne kawai, kada ka ɓarnatar da kuɗinka. Ni katin Mass, wato katin neman a yi wa mamaci addu'a a coci, na saya Yuro 10, sauran na jefa a akwatin ƙungiyar da ke bakin ƙofa. Kuma in sanyi ya matsa maka, kuɗin wuta ya fi ƙarfinka, kada kunya ta kashe ka a ɗaki da yara, ka kira ƙungiyar.

Allah ya ba Mama hutawa ta har abada. Na riga na ba shugabar reshensu sunana. Ta ce sai 'yan sanda sun tantance ni, na kuma yi horo, kafin a haɗa ni da wadda za mu riƙa fita tare.